Gumi ko basmati: nazarin yadda wata 'yar kasuwa a Garwa ta rage ƙiba ba tare da ta bar shinkafa ba

Matar da wannan nazari ya shafa Bahaushiya ce, haifaffiyar Garwa a arewacin Kamaru. Shekarunta 44, haihuwarta shida, tana da rumfar atamfa da leshi a babbar kasuwa. Hajiya nake ce mata, haka kuma zan kira ta a nan, domin ta yarda in rubuta labarinta ne bisa sharaɗin kada in kama suna. Ni ma'aikaciyar jinya ce, katanga ɗaya ce kuma ta raba gidanmu da nasu. Wannan maƙwabtaka ce ta ba ni damar ganin abin da ba a gani a ɗakin awo, wato tukunya da ludayi da mutanen da ake zama a ci tare da su.

Gwiwa ce ta kai ta asibiti. Nafila ta koma yi a zaune, farillar ma da kyar take miƙewa daga sujada. Da aka ɗora ta a sikeli nauyinta kilo 91 ne, tsawonta mita 1.62. Idan aka raba nauyin da tsawo sau tsawo ana samun kusan 35, alhali a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma an shiga ƙiba mai cutarwa. Ƙugunta santimita 104, ga mace kuwa abin da ya haura 88 alama ce ta cewa kitse ya taru a ciki, inda ya fi haɗari. Sukarin jininta kafin karin kumallo giram 1.16 ne a lita. Wannan bai kai ciwon sukari ba, don sai an samu 1.26 ko fiye a awo biyu ake tabbatar da shi, amma tana gab da shi. Kuma ciwon sukari ne ya yi ajalin mahaifiyarta, bayan doguwar jinyar wani rauni a ƙafa da ya ƙi warkewa. Hajiya ita ta yi wannan jinya, don haka ba ta bukatar kowa ya tsorata ta.

Likita ya ce mata ta rage nauyi, ta kuma rage shinkafa. Shawara ce mai kyau, sai dai layin marasa lafiya bai bar shi ya yi mata bayanin yadda za ta yi ba. Da jimlolin nan biyu ta koma gida.

Abin da ta gwada da kanta

Wata abokiyar cinikinta ta gaya mata cewa basmati ce shinkafar masu rage ƙiba. Ta shiga babban kanti ta sayo 'yan ƙananan ledoji masu tsada, ana dafa mata tata daban. Tunda ta sa a ranta cewa wannan ba ta sa ƙiba, sai ta saki jiki tana cin yadda ta saba, wata rana har da ƙari, da miyar da ta saba mai mai yana iyo a sama. Kuɗi suka tafi, sikeli bai motsa ba.

Daga nan ta yi fushi da shinkafa gaba ɗaya. Ta koma dogon burodin nan irin na Faransa da safe, taliya da rana, da dare kuma ta ce ba za ta ci komai ba. Farin burodi kuwa yana ɗaga sukarin jini da sauri kamar farar shinkafa, ko ma fiye. Yunwa ta riƙa tashinta tsakar dare, ta ci abin da ta samu. Bayan 'yan makonni ta haƙura ta koma gidan jiya.

A lokacin ne ta aiko a kira ni. Ta ce, "Malama, don Allah ki gaya mini tsakani da Allah, wace shinkafa ce ba ta sa ƙiba?"

Na ce, "Hajiya, babu ita. Amma akwai wadda ta fi wata riƙe ciki, akwai kuma wadda ta fi tausaya wa sukarinki. Kafin mu kai can, ki bar ni in ga abin da kike ci."

Ta ce sau ɗaya take cin shinkafa a rana, kuma ba ƙarya ta yi ba a yadda ta fahimci maganar. Da muka bi abincin ɗaya bayan ɗaya sai abin ya fito. Da safe kunun gyaɗa ne da aka dama da shinkafa, an zuba masa sukari, a haɗa da masa, wadda ita ma ƙullun shinkafa ce da aka toya da mai. Da rana a kasuwa dafa-duka ko shinkafa da miya daga wurin mai abinci, wannan ce kaɗai take lissafawa. Da dare tuwon shinkafa, malmala biyu, wani lokaci uku. Ke nan shinkafa sau uku a rana, har da ta huɗu idan aka ware masa da kunu. Tsakanin waɗannan kuma ga shayi. Duk baƙon da ya zauna a rumfa sai an kawo shayi, ita ma sai ta taya shi sha, kowane kofi da ƙwayar sukari uku.

Na kawo ƙaramin sikelin kicin muka auna irin farantin da take ci da rana. Shinkafar kaɗai ta kai giram 500.

A nan lissafin yake, kuma a ganina duk wanda yake son rage ƙiba a gidan da ake cin shinkafa ya kamata ya yi shi ko sau ɗaya ne. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 tana da kalori kusan 130, don haka farantin Hajiya kalori 650 ne tun ba a zuba miya ba. Shinkafa mai dusa, wadda likitoci suke yabo, idan an dafa ta giram 100 tana tsakanin kalori 110 da 125. Da a ce Hajiya ta sauya iri kawai ta bar yawan yadda yake, abin da za ta rage a farantin bai wuce kalori 100 ba, galibi ma bai kai ba. Da kuwa ta bar irin yadda yake ta rage yawan zuwa giram 200, ta sauke kalori 390. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko na auduga ko manja, kalori 120 ne, kuma abin da yake biyo miyar da ake zuba mata ya kai cokali uku. Ƙwayar sukari tara a rana, wato ta kofi uku na shayi, giram 45 ne, kalori 180, kusan duk iyakar giram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini, ba a ma lissafa na kunu ba. Ɗanyar shinkafa kowace iri ce, basmati ko ta Yagwa ko mai ƙamshi ta Tailan, giram 100 tana kusa da kalori 360. Babu wadda aka cire wa sitaci.

To me ya sa zaɓen irin yake da muhimmanci?

Saboda mai rage ƙiba da yunwa yake kokawa, kuma irin shinkafar da ya ci da azahar yana da hannu a yadda zai ji da la'asar. Ga mai sukari irin na Hajiya kuma akwai dalili na biyu, wato saurin da sitacin yake zama sukari ya shiga jini.

Tun 1981 wani masani a Jami'ar Toronto ta Kanada, David Jenkins, da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin wannan sauri. Aka ba wa tsantsar sukarin gulukos maki 100, abincin da ya samu 70 ko fiye mai sauri ne, wanda ya samu 55 ko ƙasa mai sannu ne. Shinkafa ba ta tsaya a wuri ɗaya a wannan ma'auni ba, ta bazu daga tsakiya har can sama. Abubuwa uku ne suke kai ta inda take: irin sitacin da ke cikin ƙwayar, abin da aka yi mata bayan girbi, da yadda aka dafa ta. Shinkafar da take yin laushi da danƙo idan ta dahu, kamar mai ƙamshi ta Tailan da karyayyiyar da ake sayarwa da araha, cikin ɗan lokaci take narkewa. Wadda take fitowa warara, ƙwaya-ƙwaya, mai bukatar tauna, ta fi daɗewa. Na kwatanta wa Hajiya da kara da gawayi: duka wuta ce, amma kara yana tashi bal-bal ya mutu, gawayi yana ci a hankali har girki ya nuna. Abokiyar tata ba ta yi kuskure duka ba, basmati tana tsakiyar ma'aunin, ta fi mai ƙamshin sannu. Kuskuren shi ne ɗaukar sannu a matsayin rashin kalori.

Ƙwayar shinkafa tana da ɓuntu a waje, wanda ba a ci. Ƙarƙashinsa akwai siririyar dusa da ɗan idon da yake tsirowa, can ciki kuma farin sitaci. A dusar nan da idon ne bitamin B1 yake, da maganiziyam, da ɗan mai, da faiba, wato ɓangaren abinci da hanji ba ya narkarwa, wanda yake rage gudun narkewar sauran. Injin da yake goge shinkafa ta yi fari tas waɗannan yake kwashewa, mu kuma mu ba dabbobi. Dafaffiyar fara giram 100 ba ta kai rabin giram na faiba ba, mai dusa tana da ninki huɗu na haka. An daɗe da sanin darajar dusar nan. A shekarun 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Java cewa kajin da ake ba gogaggiyar shinkafa ƙafafunsu suna shanyewa, idan aka mayar da su kan mai dusa sai su warke. Ta nan aka bi aka gano sanadin cutar beriberi, shi kuma ya samu kyautar Nobel a 1929. A 2010 kuma masu bincike a Jami'ar Harvard da suka bibiyi mutum kusan 200,000 a Amurka sun ga cewa musanya giram 50 na fara da mai dusa a kullum yana tafiya tare da raguwar haɗarin ciwon sukari da kashi 16 cikin 100. Binciken bibiya ne, kuma masu cin mai dusa galibi suna kula da kansu ta wasu hanyoyin, don haka ba shinkafar kaɗai za a ba ladan ba. Duk da haka alkiblar a fili take.

Sai muka fara da mai dusar. A kasuwar Garwa ba abu ne da ake tarar da shi a tire ba. Hajiya ta sa aka sayo mata shanshera daga wajen Lagdo, aka kai wa mai injin casa aka roƙe shi ya cire ɓuntun kawai kada ya goge. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ta fito ruwan ƙasa-ƙasa, wata ƙwayar da dusa wata babu. Nan matsaloli suka fara. Tana cin minti 40 zuwa 45 a wuta, ninki biyu na fara, gawayi kuma da kuɗi ake sayensa. Jiƙa ta tun da safe ya rage wannan. Yara suka ce ƙaiƙayi ake ba su. Mijinta Alhaji bai ce komai ba, amma ya riƙa barin rabin kwanonsa. Sannan man da ke cikin dusar ba ya jure zafi, a garin da zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40 buhun mai dusa ba ya daɗewa sai ya fara wari da maƙaƙi, ƙwari ma sun fi sonta. Dole a riƙa casa kaɗan-kaɗan. Ga mace mai rumfa, da take fita da hantsi ta dawo da magariba, wannan ɗawainiya ba mai ɗorewa ba ce. Tukunya biyu a gida ɗaya kullum, ba a daɗe ana yi.

Na so a ce mun samu jar shinkafar nan tamu ta Afirka, wadda kakanni suka fara nomawa a fadamun Kogin Kwara shekaru kusan 3,000 da suka wuce, wadda idan aka surfa ta sama-sama jan bayanta yake saura. Har yanzu akwai masu nomanta a wasu fadamu, amma a cikin gari samunta sai an dace, ba a gina tsarin abincin kullum a kan dace.

Abin da ya warware mana matsalar tsohon abu ne da Hajiya ta tashi tana gani a gidan kakarta, wato gumi. Ana jiƙa shanshera, a turara ta da ɓuntunta, a shanya ta bushe, sannan a casa. Turarin yana tura wani kaso na bitamin da ma'adanan dusar zuwa cikin ƙwayar, ta yadda ko an goge ta ba a rasa su duka ba. Yana kuma sauya yanayin sitacin ya ƙara tauri, shi ya sa gumi yake yin ruwan ɗorawa-ɗorawa, ba ya karyewa sosai a inji, ba ya caɓewa a tukunya, kuma a ma'aunin saurin nan yana ƙasa da ɗanyar farar shinkafa irinsa. Faibarsa ba ta kai ta mai dusa ba, wannan gaskiya ne. Amma yana ajiyuwa a zafi, farashinsa na talaka ne, kuma, abin da ya fi komai, mutanen gidan sun karɓe shi. Wata tsohuwa a unguwa mai sana'ar gumi ita ta zama mai kawo musu. Aibinsa biyu ne: tsakuwa, wadda sai an rege da kyau, da wari idan mai yin ta bar shi ya daɗe a jiƙe. Na biyun ana gane shi tun a wurin saye, a ɗebo a shinshina.

Akwai abin da yake ci mini rai a nan. Mafi yawan shinkafar da ake ci a Kamaru daga Asiya take zuwa, daga ƙasashe irin su Tailan da Indiya. A sauke ta a tashar ruwa ta Dwala, a hauro da ita ta Ngawundare, manyan motoci su ƙaraso da ita arewa. Alhali tun 1971 aka kafa kamfanin SEMRY a Yagwa don noman shinkafa a bakin Kogin Logon, a 1979 aka yi madatsar Maga, a 1982 aka gama ta Lagdo a kan Binuwai, nan kusa da mu. Tsallaken Logon, mutanen Bongor a Cadi su ma manoman shinkafa ne. Shansherarmu da yawa tana ƙetarawa Najeriya, inda ake mayar da ita gumi, mu kuma muna sayen gogaggiyar da ta yi watanni a hanya muna ganin ita ce ta masu hali. Hajiya da kanta ta ce mini da farko kunya take ji baƙo ya ga shinkafa mai duhu a gidanta, kada a ce karayar arziki ce ta same su.

Tsarin da aka tsaya a kai

Gidan gaba ɗaya ya koma gumi don dafa-duka da shinkafa da miya. Ran da Hajiya take gida tana haɗa shi da 'yar mai dusar, kashi ɗaya cikin uku, ba wanda yake lura. Muka nemo wani ƙaramin kwano da yake ɗaukar dafaffiyar shinkafa kusan giram 200 idan an cika shi ba tozo, ya zama ma'auninta, sikeli ya koma gidana. Shinkafa sau ɗaya a rana, ta gaske wannan karon. Gurbin da aka rage a farantin ba a bar shi fayau ba, don ido ma yana cin abinci. Rabin farantin ganye ne: kwaɗon zogale, alayyahu, kabeji, yalo, ko miyar yakuwa ko ta tafasa mai kauri, irin waɗanda ba sa yankewa a kasuwar Garwa. Sauran gefen kuma wake ko kifi, karfasa ko tarwaɗa, gasasshe ko na cikin miya, ba soyayye ba.

Wake ya cancanci a tsaya a kansa. Garau-garau abincin da ake rainawa ne, amma idan aka yi shi rabi wake rabi gumi, ya fi kowace shinkafa mai tsada da za a ci ita kaɗai amfani ga mai irin larurar Hajiya. Wake yana da furotin da faiba mai yawa, yana cikin abinci mafi sannu a ma'aunin nan, kuma yana jan shinkafar da aka ci tare da shi ita ma ta rage gudu. Abin da yake ɓata garau-garau shi ne kwararar man da ake yi masa. Hajiya ta koma auna nata da cokali, ɗaya tak, ta ƙara yaji da albasa da tumatir da latas. A ranakun garau-garau ne ta fara cewa har magariba ba ta waiwayi mai fanke ba.

Tuwon shinkafa ne muka fi jan magana a kansa. Da ɗanyar shinkafa mai laushi ake yinsa, a dafa ta har ta narke, a tuƙe, sannan a haɗiye ba tauna. Duk abin da yake sa sitaci saurin shiga jini ya taru a malmala ɗaya, kuma mutum yakan gama biyu kafin ciki ya sanar da shi ya ƙoshi. Ban ce ta bari ba, abincin da aka haramta wa mutum shi yake kwana da shi a rai. Muka bar shi ran Juma'a, malmala ɗaya da miya mai yawa. Sauran darare tuwon dawa ne ko na masakwa, wato dawar rani, da ba a surfe sosai ba, shi ma malmala ɗaya, da miyar kuka ko kuɓewa. Wannan sauyin ma yana da wata fa'ida, domin shinkafa tana zuƙar sinadarin arsenik daga ƙasa da ruwa fiye da sauran hatsi, mai dusa kuma ta fi fara riƙe shi, don haka gauraya hatsi ya fi a dogara da ita safe da dare.

'Yarta ta gani a waya cewa idan aka dafa shinkafa aka sanyaya ta kalorinta yana raguwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: sanyi yana sa wani ɗan kaso na sitacin ya ƙi narkewa a hanji. Amma kason ƙarami ne, haɗarin kuma a garinmu babba ne. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, idan aka bar tukunya a zafin ɗaki sai ta hayayyafa ta saki dafin da yake sa amai, ɗumame kuma ba ya kashe wannan dafin. Sai an sa a firji cikin awa ɗaya zuwa biyu, ga wuta tana ɗaukewa. Na ce su bar wannan dabara.

Shayi ya koma ƙwaya ɗaya a kofi, daga baya ta iya shan wani ba sukari. Abincin rana daga gida take tafiya da shi a kula. Bayan sallar asuba ita da wata maƙwabciya suna taka ƙafa na rabin awa, kwana biyar a mako. Wannan adadi ba daga kaina na ɗauko shi ba. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 masu sukari irin nata, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100. Kashi 7 na kilo 91 bai kai kilo shida da rabi ba. Da na gaya mata haka sai da ta sake tambayata, don ita a zatonta sai ta zubar da kilo talatin kafin a ce ta yi wani abu.

Abin da ya fi wuya ba a tukunya yake ba. A gidan tare ake ci a babban tire, ita da surukarta da 'yan mata. Ware kwano ya zama kamar ƙyama. Da fuskarta ta fara faɗawa kuma, surukar ta kira ɗanta ta ce, "Alhaji, yarinyar nan lafiya kuwa? Ko wani abu ne yake damunta a gidan nan ba ta faɗa?" A kasuwa ma aka fara yi mata sannu. A wurinmu cikar jiki shaida ce ta kwanciyar hankali da kulawar miji, rama kuwa ciwo ce ko baƙin ciki. Ban ga laifin tsohuwar ba, domin ramar da ba a san dalilinta ba alama ce ta gaske ta ciwon sukari da ya yi nisa, ko tarin fuka, ko wani abu da ya fi su. Na je na durƙusa na gaishe ta na ce, "Iya, wannan ramar da gangan ake yinta, likita ne ya ce. Ciwon da ya ɗauki mahaifiyarta ake gudu." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Allah Ya tsare. Amma kada ku bar ta da yunwa." Tun daga ranar ita take tsinke zogalen. Aka kuma sasanta maganar tire: Hajiya tana auna nata a kwanonta ta juye a gefenta na tiren, a ci tare.

Inda aka kai

A watanni uku na farko ta sauke kilo biyar, kusan rabin kilo a mako, wanda shi ne gudun da ake so. Daga nan sikeli ya tsaya cik na kusan wata guda, abin da yake faruwa ga kusan kowa, don jikin da ya ragu bukatarsa ma ta ragu. Azumi ya zo cikin bazara, ga kunu da ƙosai da masa da lemo mai sanyi a buɗa-baki, ga shagalin salla, kilo biyu suka dawo. Ta karaya ƙwarai, har ta ce a bar maganar. Abin da ya taimaka shi ne babu wani sabon abu da za ta koya ko ta saya, gumin yana nan a buhu, kwanon yana nan. Ta koma kansu. A wata na takwas nauyinta kilo 83 ne, ƙugu santimita 96, sukarin safe giram 1.02 a lita. Tana sallar farilla a tsaye ba dafa bango.

Idan aka tambaye ni kason da sauya irin shinkafa ya bayar a cikin kilo takwas ɗin nan, zan ce ta fuskar kalori kaɗan ne. Kwano da cokalin mai da ƙwayar sukari da tafiyar asuba su suka yi aikin. Amma na ga ta gwada rage abinci a kan farar shinkafa da burodi ta kasa, na kuma ga ta iya a kan gumi da wake, kuma bambancin da ita da kanta take faɗa shi ne yunwar la'asar. Mutum ɗaya ce, ba gwaji ba ne, wani zai iya samun abin daban. Wanda kuma yake shan maganin sukari ko yake allurar insulin kada ya rage shinkafa haka kawai sai da sanin likitansa, don sukarin zai iya faɗuwa ƙasa ya sumar da shi. Mai ciki da mai shayarwa ma nasu tsarin daban ne.

Har yanzu Hajiya tana cikin rukunin masu ƙiba, lissafinta ya sauko ne daga kusan 35 zuwa ƙasa da 32, sukarin ma bai koma ƙasa da giram ɗaya ba. Likita ya ce ta dawo awo bayan wata shida. Matsalar da ke gabanmu yanzu ta damina ce: shanya ba ta samuwa, tsohuwar mai gumi ta rage aiki, shanshera ta yi tsada kafin sabuwa ta shigo. Hajiya ta yi magana da Alhaji a kan su sayi buhu biyu da kaka mai zuwa a turara musu gaba ɗaya a ajiye, ya ce zai duba.